A Je A Kira Ubansa

Shekarar da aka tura ni koyarwa wata furamare da ke tsakanin Roni da Gwiwa, an ba ni aji huɗu, aka haɗa mini da wani yaro. Na ware shi daban ne domin sauran yaran aji ne, shi kuwa aiki ne mai zaman kansa. Malamin da ya riƙe su kafin ni ya miƙo mini alli, ya nuna mini yaron da haɓa, ya ce Allah ya ba ni haƙuri, sannan ya fita yana murna kamar wanda aka sallama daga asibiti.

Ɗan Fulani ne siriri, bai wuce shekara goma ba. Idan ka gan shi zaune a can ƙarshen aji sai ka rantse ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. To, yana cizo, kuma ba ya jiran a sa masa yatsan. Sai a yi kwanaki yana zaune shiru yana kallon taga, rana ɗaya kuma, ba zagi ba tsokana, ya tashi ya kifar da benci, ya shaƙe na kusa da shi, ya yaga rigar wani. In an doke shi ba ya kuka, ba ya ba da haƙuri, sai dai ya tsaya ƙiƙam har mai dukan ya gaji. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kansa yana ja. Kafin in gama rubuta lissafi a allo ya riga ya san amsa, sai dai ba zai faɗa ba.

Hedimastanmu mutum ne mai son tsari. Horo a wajensa hawa-hawa ne. Ana farawa da tsallen kwaɗo, a hau zuwa sharar fili, daga nan bulala. Idan duk waɗannan sun gaza, sai ya gyara zaman hularsa, ya yi gyaran murya, ya ce, “A je a kira ubansa.” Yana faɗin haka ne da muryar alƙali, kuma ya yi imani babu yaron da zai ji wannan jimla cikinsa bai ɗuri ruwa ba. Sama da ita babu komai sai kora. Ya kuma gaya mini tun makon farko cewa iyayen yaran da ake cizo sun ishe shi da ƙorafi, idan shekara ta ƙare yaron bai gyaru ba, zai sallame shi. Ni kuwa na san yaron da aka kora daga makarantarmu ba wata makaranta yake komawa ba. Sanda za a ba shi ya bi shanu, shi ke nan an rufe babin boko.

Ana cikin haka aka kira mu bita a Kazaure. Wani ƙwararre ya zo da majigi, ya nuna mana hotunan yara a wani aji mai kafet, kowane yaro da kujerarsa har da wajen rataye jaka. Ya ce bulala tsohon yayi ce. Ya ce babu yaron da ba shi da tukuicin da ke jan ransa, aikin malami shi ne ya gano ko mene ne, ya riƙa ba shi duk lokacin da ya yi abin kirki. Wani malami daga Babura ya ɗaga hannu ya tambaya, idan yaron yana cizo fa? Ƙwararren ya ce a kau da kai daga mummunan hali, a yaba kyakkyawa. Malamin ya naɗe hannun riga ya nuna tabo, ya ce shi ma ranar kau da kai ya yi. Aka yi dariya, janareto ya mutu, aka raba mana shinkafa a roba da kwali da sitika masu siffar tauraro, kowa ya kama gabansa.

Gaskiya na dawo da zumuɗi. Na manna kwalin a bango, na sanar da aji cewa duk wanda ya yi abin kirki zai sami tauraro. Ranar da yaron ya wuni bai taɓa kowa ba, na kira shi na manna masa ɗaya a gaban riga. Ya dube shi, ya dube ni. Da aka fita hutun tara sai na ga tauraron a goshin akuyar maigadi, tana yawo da shi a fili, ita ce ɗalibar da ta fi kowa ladabi.

Na koma tafi. Wata rana ya daure ya ba da amsa daidai, na ce aji su tafa masa. Ashe shi a ganinsa idan mutane suka juyo gaba ɗaya suna kallonka suna buga hannu, ba'a ce suke yi maka. Wanda ya fi kowa ƙarfin tafi shi ya fara shan mari.

Sai na sayo alewa. Wannan kam ta yi aiki, amma ba a kansa ba. Yara suka lura cewa mai faɗa ake ba alewa idan ya daina, su kuwa da ba su taɓa farawa ba ko oho. Akwai wata yarinya a layin gaba, salihar baiwar Allah, wadda ko ƙuda ba ta kora da ƙarfi. Ranar nan ta tashi tsam, ta zabga wa ƙawarta mari, ta koma ta zauna ta naɗe hannu, can an jima ta zo ta ce mini ta daina. Na kwashe sauran alewar na kai wa 'ya'yana gida.

Wani malami ya ba ni shawara in naɗa shi monita, wai mulki yana sa natsuwa. Ban san a wace ƙasa ya ga haka ba. Kafin nan yaron yana duka ne a matsayin mai laifi, yanzu kuwa ya zama hukuma. Kwana kaɗan na sauke shi, na yi gyaran gangar Auzinawa na koma gefe ina cizon yatsa. Washegarin saukewar ya fasa wa wani leɓe, hedimasta ya gyara hula ya faɗi jimlarsa.

Akwai wata mata da ke kawo fura da nono bakin makaranta daga rugarsu, ita ake ba saƙo. Kafin azahar sai ga uban a kan wani tsohon babur. Dogo ne, mai rawani, ba ya ɗaga ido. Ya cire takalmi a ƙofar ofis, ya durƙusa ya gai da hedimasta, aka zayyana masa laifi yana cewa a yi haƙuri, za a yi masa faɗa. Ko sau ɗaya bai dubi inda yaron yake ba, bai kuma ambaci sunansa ba. “Wancan” yake ce masa.

Ranar ban koma aji ba, na tsaya a baranda don in huce. Uban ya fito ya tayar da babur. Bai ce hau ba, bai waiwaya ba, ya dai tsaya injin yana kaɗawa. Yaron ya ɗare baya, ya damƙe rigar uban da hannu biyu, ya kwantar da kumatunsa a gadon bayansa. Da suka zo wucewa ta gabana na ga fuskarsa. Murmushi yake yi. Tun da na zo makarantar ban taɓa ganin haƙoransa ba sai a jikin wani.

Na tsaya na yi ta tunani. Sai a lokacin na tuna cewa duk ranar kasuwar Babura, lokacin da uban kan tafi da dabbobi ba a samunsa a gida, yaron nan waliyyi ne. Faɗansa duk a ranakun da uban yake gari ne. Na je wajen mai fura na sayi abin da ba na bukata, na ja ta da hira. Ta ce ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ita ke kiransa mijinta, ita ke yi masa wasa, a bayanta ya girma. Bara ta rasu, ya dawo gaban iyayensa. Su kuwa mutane ne masu filako, wato kunyar Fulani a kan ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya zama inda yake. Ana ba shi abinci, ana yi masa sutura, babu mai zaluntarsa. Magana ce dai babu.

Ba sai an yi mini dogon bayani ba, ni ma 'yar fari ce. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Ke” nake, ko “waccan”. Na san tana sona, domin ƙanzon tuwo kullum a kwanona yake faɗawa, ba tare da ta kalle ni ba. Amma na girma kafin in gane haka, kuma kafin in gane na sha kuka a bayan ɗaki. Tausayin yaron ya kama ni ƙwarai. Dariya kuma ta zo mini, da na tuna hedimasta da hularsa. Shekara guda bawan Allah yana raba tukuici mafi tsada a makarantar, yana zaton horo yake yi.

Na ce abin nema ya samu. Ƙwararren Kazaure ya yi gaskiya, ga tukuici na gano, saura in juya shi. Na samu yaron ya yi mako lafiya, na aika wa uban cewa ɗansa ya yi abin yabo, ya zo a gaya masa. Na kuma shaida wa yaron cewa babansa na nan tafe. Da aka tashi ya tsaya a bakin ƙofa har fili ya watse. Mai fura ta kawo amsa washegari: an gode, Allah ya saka da alheri, shanu ba su da mai kula. Shinkafar bita ce ta sa na manta abin da na sani tun ina yarinya. Mutum irin wannan zai taso cikin rana tsaka idan an ce ɗansa ya yi ɓarna, domin wannan nauyi ne a kansa. Amma ya hau babur ya zo ya zauna ana yaba masa ɗan fari a gaban mutane, ai gara a ce ya yi rawa a kasuwa. Kafin tara ta ranar yaron ya ciji wani a kafaɗa, kafin azahar uban ya iso.

Bayan kwana biyu na tsare yaron a aji lokacin da sauran suka fita. Na ce masa idan ya kai Alhamis bai taɓa kowa ba, ni da kaina zan sa a kira babansa.

“Ba zai zo ba,” in ji shi, yana kallon ƙasa.

“Zai zo. Cewa zan yi ka yi laifi.”

Ya ɗago ya dube ni sosai, irin kallon da ake yi wa mai sayar da magani a kasuwa. Amma har Alhamis ko inuwar wani bai taka ba.

Daga nan na shiga sana'ar neman laifi. Ƙarya tsagwaronta ba na so in yi, ina tsoron Allah, don haka sai na riƙa tsinto laifuffukan gaskiya waɗanda ba su kai a tayar da babur ba. Makon farko na ce yana yawan kallon taga. Na biyu na ce fensirinsa yana saurin ƙarewa. Wani mako na ce yana gama lissafi kafin sauran yara, abin yana karya musu gwiwa. Ba na kai uban ofis, a gindin darbejiya nake tare shi in ɗaure fuska in karanto ƙara. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, “A yi haƙuri, Malama, za a yi wa wancan faɗa.” Sannan ya tayar da babur ya jira. Akwai Alhamis ɗin da mai fura ba ta zo ba, na rasa wanda zan aika, hankalina ya tashi. Ana tashi sai ga uban, wai an ce ana nemansa. Na ɗauka wani ne ya kai saƙo, na laluba na ce yaron bai ɗaure maɓallin wuya ba.

Zango ya kusa ƙarewa ba a ciji kowa ba. Yaron ya fara ɗaga hannu a aji. Har ya ara wa wani abin goge rubutu, abin da ya sa wanda aka ara wa ya tsorata ya ƙi karɓa.

Abin da ban lissafa ba shi ne tagar ofishin hedimasta tana kallon darbejiyar nan. A taron malamai ya tashi ya ce lamarin yaron aji huɗu ya ƙazanta, domin tun da aka kafa makarantar ba a taɓa kiran uba ɗaya kamar yadda aka kira wannan a zangon nan ba. Wani malami ya ce amma ai an daina kawo ƙara. Hedimasta ya ce wannan ya nuna yara sun gaji da kawowa ne, idan babu laifi me ake kiran uba? Ga shi kuma ana sa ran baƙi daga ofishin ilimi za su zo ganin amfanin bita, ba zai bari su tarar da irin wannan yaro ba. Ya gyara hula ya ce a je a kira ubansa, wannan karon ya tafi da shi gaba ɗaya.

Na bi shi ofis don in yi bayani a keɓe, ya ɗaga mini hannu ya ce duk abin da zan faɗa in faɗa a gaban uban, shi ba ya ƙumbiya-ƙumbiya. Na rasa inda zan sa kaina. Idan na yi shiru, an kori yaro saboda laifin da ni na ƙirƙira. Idan na yi magana, na tona cewa uban yana zuwa ne don a faranta wa ɗansa, kuma daga ranar kunya ba za ta bar shi ya sake takowa ba. Ko ta ina yaron ne zai yi asara.

Uban ya zo, ya cire takalmi, ya durƙusa. Yaron yana tsaye a waje jikin ƙofa, inda yake jin komai. Hedimasta ya fara jawabin sallama, ya kawo tarihin benci da riguna da kafaɗu. Da na ga ya kusa kai ƙarshe sai na ce, ranka ya daɗe, a gafarce ni. Na faɗi komai. Na ce yaron bai yi laifin komai ba tun tsakiyar zango, ni ce nake kiran uban duk makon da ya zauna lafiya, domin babu abin da yake so a duniya kamar hawa bayan babur ɗin nan.

Hedimasta ya yi salati. Ya ce a tsawon aikinsa bai taɓa ganin malamar da ta mayar da dattijo abin wasa ba, tana raba shi da dabbobinsa, tana ƙona masa mai a banza. Ya juya ga uban yana ba shi haƙuri a madadin makaranta, ya tambaye shi ko yana da abin cewa.

Uban ya daɗe yana kallon tabarma. Can ya ce, “Ranka ya daɗe, kunnena yana da nauyi, iskar babur ta ɓata shi. Ban ji abin da Malama ta ce ba.”

Hedimasta ya buɗe baki zai maimaita masa da ƙarfi, uban ya riga shi.

“Abin da na sani dai, wancan yana da laifi. Kallon taga ba ƙaramin abu ba ne, ga kuma maganar maɓalli. Ni roƙona a bar shi ya ci gaba da karatu. In ya sake, a aiko mini, ko ina ina zan zo.”

Sai a lokacin na gane wanda ya kai saƙo ranar da mai fura ba ta zo ba. Babu kowa. Na sunkuyar da kai na ja mayafi, domin hawaye sun zo mini kuma ba na so hedimasta ya ɗauka tsoronsa ne.

Hedimasta ya dubi uban, ya dube ni, ya cire hular ma gaba ɗaya ya sosa kai. Shi ma fa yana da ɗan fari, kuma duk malamai sun san “babban yaron gidana” yake ce masa. Ya mayar da hula ya ce, to, tun da uba ya yi roƙo, an ɗage hukunci, amma a sa ido a kan maganar taga.

Na fito baranda. Uban ya tayar da babur, bai ce hau ba, bai waiwaya ba. Yaron ya hau ya damƙe riga. Rugarsu tana hannun hagu ne, tafiya kaɗan. Na ga sun karya dama, sun ɗauki hanyar da ta zagaya bayan dutse, wadda ba mai binta sai wanda ba ya sauri.

Baƙi sun zo mako na gaba. Hedimasta ya sa na cika kwalin nan da taurari tun daga sama har ƙasa, ya kawo su ajina ya nuna musu yaron, ya ce ga amfanin bita nan a zaune. Suka yaba, suka ɗauki hoton kwalin, suka ce za a ƙaro mana sitika. Ban ce uffan ba, akuyar maigadi ma ba ta ce ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya aiki ya sha mini kai, har aka kusa tashi ban aika ba. Yaron yana zaune yana kallon taga, ya ƙi motsi. Sai ga hedimasta a ƙofar aji, hannu a baya. Ya tambaye ni ko yaron nan ya taɓa wani a makon nan, na ce ko kusa. Ya dube shi ya ɗaure fuska, ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

“A je a kira ubansa.”